AIKIN DA BA YA SHIGA LISSAFI: TARIHIN HIDIMAR MATA DAGA TSOHUWAR ABUJA ZUWA SULEJA



Duk wanda ke da takardar naira 20 a aljihunsa ya ciro ta ya duba. A gabanta hoton Janar Murtala Ramat Muhammad ne, wanda a zamaninsa, cikin watan Fabrairun 1976, aka zartar da dokar kafa sabon babban birnin tarayya, dokar da ta yi sanadin garinmu ya ba da sunansa na Abuja ya koma Suleja. A bayanta kuma wata mata ce zaune tana ginin tukunya. Ita ce Ladi Kwali, wadda a nan garin ta yi aikin da ya kai sunanta duniya.

Kafin 1954, Ladi na gina randuna da tuluna da tukwane kamar yadda dubban matan Gwari ke yi, sana'ar da ta koya tun tana yarinya a hannun wata 'yar uwar iyayenta. Kyawun aikinta ya sa Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya ajiye wasu tukwanenta a fada, a can ne Baturen nan Michael Cardew ya gan su. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Cardew ya buɗe a Abuja, ta zama mace ta farko a wurin. Daga ranar aikinta ya sami albashi, ya shiga takardun gwamnati. Aka nuna kayanta a Landan, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984 da darajarta.

To amma ruwan da ake zubawa a cikin randar fa? Wa ya ɗebo shi daga rafin Iku? Wa ya faso itacen da aka ɗora tukunyar a kai, ya tuƙa tuwon, ya wanke kwanukan, ya kwana zaune da yaro mai zazzaɓi? Wannan aikin bai taɓa samun albashi ba, kuma har yau mafi yawansa ba ya cikin ma'aunin arzikin Najeriya. Yadda aka yi hakan ta faru tarihi ne mai tsawo, kuma abin mamaki, ƙasar Hausa na tsakiyarsa.

ABUJA TA ABU JA

Kowa a nan ya san asalin garin. Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya baro Zariya a shekarun farko na jihadi, ya gangaro kudu da jama'arsa cikin ƙasar Koro da Gwari. Ya rasu a yaƙin Lapai a 1825, ƙanensa Abu Ja ya gaje shi, ya kafa gari a 1828 wanda aka sa wa sunansa. Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi sun rubuta wannan tarihi da al'adun masarautar, aka fassara shi zuwa Turanci a 1952.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, jama'ar da ta yi ƙaura ta kafa sabon gari tana cin abinci kullum, sau biyu ko uku. A wancan zamani babu injin niƙa, babu famfo. Kafin dawa ta zama tuwo sai an yi sussuka, an yi sheƙa, an yi surfe, an wanke, an shanya, an niƙa a dutse ko an daka a turmi, an tankaɗe. Kowane mataki hannun mace ne, 'ya ko baiwa. Matan Gwari su ne ke shigo da itace da doya da tukwane, suna ɗauke da su a kafaɗa kamar yadda al'adarsu take har gobe. Zaren da masaƙa ke saƙawa mata ne ke kaɗa shi da mazari. Bature Heinrich Barth, da ya shiga Kano a 1851, ya yi mamakin yadda tufafin Kano ke kaiwa har Tumbuktu da gaɓar Bahar Rum. Duk rigar da ya gani, asalinta audugar da mata suka gurje, suka shiɓa, suka kaɗa a tsakar gida.

ABIN DA MALAMAI SUKA RIGA SUKA FAYYACE

Tun kafin masana tattalin arzikin Turai su fara gardama a kan wannan batu, malaman fiƙihu sun zauna a kansa. Alƙur'ani mai girma, a aya ta 6 ta Suratuɗ Ɗalaƙ, ya umarci miji ya biya matar da ya saka ladan shayar da ɗansu. Ke nan shayarwa aiki ce mai ƙima, har ana iya yanka mata lada.

A littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, Risala da Muhtasar, an bayyana cewa miji mai yalwa ya samar wa matarsa mai yi mata hidima. Idan ba shi da hali, ko ita ba daga gidan da ake yi wa hidima ta fito ba, to za ta yi ayyukan cikin gida irin su kwaɓa da shara da shimfiɗa, amma ba a ɗora mata kaɗi da saƙa, domin waɗannan sana'o'in neman kuɗi ne. Wannan na cikin dalilan da suka ƙarfafa al'adar da muka sani, cewa abin da Bahaushiya ta samu a sana'arta nata ne, miji ba ya da iko a kansa sai da yardarta.

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ƙara gaba. A cikin Nurul Albabi ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci alhali suna karantar da na waje, suna kuma ɗora musu girki da wanki kamar a nan addininsu ya ƙare. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru don ilimi ya isa ga matan karkara. Tun a lokacin an gane cewa lokacin mace abu ne mai iyaka, wanda idan aikin gida ya cinye shi, karatu ba zai sami rabo ba.

ZUWAN TURAWA DA SAUYIN AIKIN GIDA

Turawa sun shigo Abuja a 1902. Dokar Lugard ta 1901 ta ce duk yaron da aka haifa daga watan Afrilun shekarar ɗa ne, sannan a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Wannan ya girgiza tsarin aiki a gidaje. A da, a manyan gidaje bayi mata ne ke noma, ɗebo ruwa, yin itace da daka. Da bauta ta gushe, aikin bai gushe ba, sai ya sauka a kan matan aure da 'ya'yansu.

M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ya lura cewa mata da yawa da suka fita daga bauta sun janye daga aikin gona sun rungumi kulle, domin a idon jama'a fita gona alamar bauta ce. A daidai wannan lokaci matarsa Mary Smith ta zauna da wata dattijuwa, Baba ta Karo, ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta, littafin ya fito a 1954. Wanda ya karanta zai ga rabon girki tsakanin kishiyoyi, wankan jego, riƙon 'ya'yan dangi, biki da ƙawance, da yadda mace ke kaɗi tana tara abin hannunta. Tsari ne cikakke na kula da mutane daga haihuwa zuwa mutuwa, wanda babu baitulmalin da ya taɓa biyan ko anini a kansa.

YADDA AKA ƘERA MA'AUNIN ARZIKIN ƘASA

Ma'aunin da muke ji kullum a rediyo, GDP, wato jimillar abin da ƙasa ta samar a shekara, bai kai shekara ɗari da haihuwa ba. Simon Kuznets ne ya gabatar wa majalisar dattawan Amurka lissafin kuɗin shigar ƙasarsu a 1934, kuma shi da kansa ya yi gargaɗin cewa hidimar matan gida ba ta ciki. Tun 1920 wani masani a Ingila, Arthur Pigou, ya nuna inda gizo ke saƙar. Ya ce idan mutum ya auri matar da yake biya tana yi masa aikin gida, arzikin ƙasa zai ragu a takarda, alhali girkin da sharar suna nan yadda suke, albashin kawai aka daina biya.

A 1934 ɗin ne kuma Margaret Reid ta fito da wata ƙa'ida mai sauƙi ta gane aiki. Idan za ka iya biyan wani ya yi maka abu, to wannan abin aiki ne. Ba za ka biya wani ya ci abinci ko ya yi barci a madadinka ba, amma za ka biya mai girki, mai wanki, mai raino da mai jinya.

Da aka kawo ma'aunin Afirka sai ya ci karo da gaskiya. Phyllis Deane, wadda ta gwada shi a ƙasashen da yau ake kira Zambiya da Malawi, ta wallafa bincikenta a 1948 da 1953. Ta ga cewa babu hikima a lissafa hatsin da aka noma a bar dakan da ya mai da shi abinci, da itacen da aka dafa shi da shi.

Sai aka zo Najeriya. Masana biyu daga Kambirij, A. R. Prest da I. G. Stewart, su ne suka fara lissafa kuɗin shigar Najeriya, na shekarar 1950 zuwa 1951, aka buga rahoton a 1953. Sun lura cewa gida a Afirka ta Yamma ba irin na Ingila ba ne. Miji da aljihunsa, mata da nata, har ciniki na shiga tsakaninsu, miji ya sayi abin da matarsa ke sayarwa ya biya. Saboda haka suka yanke shawarar shigar da hidimar matan aure cikin lissafi. Da suka rasa farashin da za su sa mata, sai suka ɗauki kuɗin aure a matsayin mizani.

Niyyar ta yi kyau, mizanin ne ya karkace. Sadaki ba albashi ba ne, kyauta ce da shari'a ta wajabta wa miji, kuma duk wanda ya san abin da mace ke yi a shekara talatin na aure ya san babu sadakin da ya kama ƙafarsa. Da Pius Okigbo ya sake lissafin na shekarun 1950 zuwa 1957, wanda aka buga a 1962, sai ya cire wannan ɓangare. Dama a 1953 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da tsarin bai ɗaya na lissafin arzikin ƙasashe, ƙarƙashin jagorancin Richard Stone, wanda ya bar hidimar gida a waje. Najeriya ta bi sahun duniya. Ƙasar da ta kasance cikin na farko wajen gwada lissafa aikin matan gida ta rufe wannan shafi tun farkon 'yancin kai.

Akwai wani abin lura a tsarin. Idan mutum na zaune a gidan kansa, masu lissafi kan ƙiyasta hayar da zai biya da a ce gidan ba nasa ba ne, su sa ta cikin arzikin ƙasa. Hatsin da manomi ya noma ya ci da iyalinsa ma ana ƙiyasta shi. Ashe ƙiyasi ba shi ne matsalar ba. An ƙiyasta ginin, an ƙiyasta hatsin, an tsallake wadda ke share ginin tana dafa hatsin.

KASUWAR DA KE BAYAN KATANGA

Rashin lissafin ya haifi wata fahimta a ofisoshi, cewa matan Arewa da ke kulle ba sa aikin komai. Wata Baturiya mai suna Polly Hill, wadda shahararren masanin tattalin arziki John Maynard Keynes kawunta ne, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta ga akasin haka. A rubutunta na 1969 ta nuna cewa cinikin hatsi da man gyaɗa da ƙuliƙuli da dafaffen abinci a garin yana gudana ne daga gida zuwa gida, a hannun mata, yara na kai da komo. Ta kwatanta wannan kasuwa da saƙar zuma, kowane gida ɗaki ne a cikinta. A shekarun 1970 Emmy Simmons, wadda ta yi aiki a Samaru, ta bi sana'o'in sarrafa abinci na mata a ƙauyukan Zariya, ta nuna cewa fura da ƙosai da man gyaɗa masana'anta ce mai zaman kanta.

Enid Schildkrout kuma, a binciken da ta yi a cikin birnin Kano a ƙarshen shekarun 1970, ta taɓo inda ke ciwo. Mace mai kulle ba ta iya sana'a sai da yaro. Yarinya ce ke talla, ita ce ke aike, ita ce ke goyon ƙani yayin da uwa ke suya, kuma da ribar tallar ake tara mata kayan ɗaki. Da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta a 1976, sai makaranta da talla suka shiga takara a kan sa'o'in yarinya ɗaya. Jami'in da ke ofis ya ɗauka iyaye ne kawai ba sa son boko. Bai ga cewa tafiyar yarinya aji na nufin uwa ta rasa hannunta na dama ba, domin a takardarsa uwar ba ta aiki, 'yar ma ba ta aiki.

SAMFURIN MASANA DA GIDAN BAHAUSHE

Masana tattalin arziki na amfani da abin da suke kira samfuri, wato ƙaramin hoton rayuwa da ake ginawa da lissafi, a tambaye shi: idan an ƙara kuɗin mai, ko an ba da tallafin taki, me zai faru? Amsar da samfuri zai bayar ta dogara ne ga abin da aka zuba a cikinsa.

A 1965 Gary Becker na Amurka ya shigar da lokaci cikin lissafin gida, ya nuna cewa gida ma wurin samarwa ne, ana haɗa kaya da sa'o'i a fitar da abinci da lafiya da tarbiyya. Wannan ci gaba ne. Sai dai samfurin nasa ya ɗauki gida kamar mutum ɗaya mai aljihu ɗaya, wanda maigida ke raba komai da adalci. Ester Boserup a 1970 ta nuna cewa shirye-shiryen raya ƙasa da aka gina a kan irin wannan tunani sun miƙa wa maza horo da kayan aiki da bashi, sun tsallake mata.

Christopher Udry, wanda ya yi bincikensa na farko a ƙauyukan Zariya a ƙarshen shekarun 1980, ya gwada samfurin aljihu ɗaya da alƙaluman Burkina Faso, ya wallafa a 1996. Ya gano cewa a gida ɗaya, shekara ɗaya, amfanin gona iri ɗaya, gonar mace na ba da ƙasa da ta namiji da kusan kashi 30 cikin 100, saboda taki da ƙwadago na tafiya gonar maigida. Da an raba su yadda ya dace, abin da gidan ke girba zai ƙaru da kusan kashi 6 cikin 100. Duk wanda ya san bambancin gandu da gayauna ba zai yi mamaki ba. A 2000 kuma Marzia Fontana da Adrian Wood suka gina samfurin tattalin arzikin Bangaladash wanda ya sa aikin gida da hutu a matsayin sassa masu zaman kansu, domin a ga abin da ke samun sa'o'in mace idan masaƙu suka ɗebi mata aiki. Darasin shi ne, rana sa'a 24 ce, duk sa'ar da aka kai kasuwa daga wani wuri aka ciro ta.

Gwagwarmayar mata ta taimaka. A Zariya an kafa ƙungiyar WIN a 1982, a Minna kuma aka kafa FOMWAN a 1985 da Hajiya Aisha Lemu a matsayin Amira ta farko. A 1988 Marilyn Waring, tsohuwar 'yar majalisa a Niyu Zilan, ta wallafa littafin da ya tone gibin da ke cikin tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya. A gyaran 1993 aka amince cewa ɗebo ruwa da yin itace samarwa ne, amma girki da raino da jinya suka ci gaba da zama a waje, sai dai a yi musu lissafi na gefe. Taron mata na Beijin a 1995 ya nemi ƙasashe su riƙa auna yadda maza da mata ke kashe lokacinsu, sannan a 2015 aka sa batun cikin muradun ci gaba mai ɗorewa.

ABIN DA ALƘALUMA SUKA NUNA

Rahoton Hukumar Ƙwadago ta Duniya na 2018 ya ce a kullum ana kashe sa'o'i biliyan 16.4 a aikin kula da gida da ba a biya, kuma mata ke yin kashi 76 cikin 100 nasa. A matsakaici mace na yin sa'a 4 da minti 25 a rana, namiji sa'a 1 da minti 23. Da za a biya shi da mafi ƙarancin albashi, zai kai kashi 9 cikin 100 na arzikin duniya. Rahoton ya ce mata miliyan 606 ne wannan aiki ya hana neman aikin kuɗi, maza kuwa miliyan 41.

A Najeriya mun ga yadda sauya mizani ke sauya labari. A Afrilun 2014 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sabunta lissafi, ta shigar da sassa irin su wayar salula da finafinai yadda ya kamata, sai arzikin ƙasa ya tashi zuwa kusan dala biliyan 510 a dare ɗaya, muka wuce Afirka ta Kudu. Babu wanda ya ƙara ƙwayar shinkafa a tukunyarsa, abin da ke nan ne aka fara gani. Tuwon da aka saya a gidan abinci ya shiga wannan lissafi, wanda aka tuƙa a gida bai shiga ba.

Ga wani ɗan misali da kowa zai iya yi da wayarsa. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne a wata. Idan aka raba shi da sa'o'in aikin ma'aikaci, sa'a 40 a mako, kowace sa'a ta kama kusan naira 400. Matar da ke yin sa'a 6 kullum a girki da wanki da shara da raino, babu Asabar babu Lahadi, ta yi sa'a 180 a wata, wato kusan naira 72,000. Kowa ya sa sa'o'in gidansa ya ga abin da zai fito.

SULEJA BAYAN 1991

Tun da gwamnatin tarayya ta tare a Abuja ranar 12 ga Disambar 1991, Suleja ta zama makwancin dubban ma'aikatan birnin. Tun da asuba motoci ke cika, a bi ta Madalla da Zuba, ba a dawowa sai bayan magariba ko isha. Albashin ana lissafa shi. Amma wanda ya fita ƙarfe shida na safe ya bar yara da tsohuwar uwa da wankin jiya, wani ne ya riƙe masa su. A Hashimi da Magajiya da Kurmin Sarki da Maje, wannan wanin yawanci mace ce. Idan matar ma ma'aikaciya ce, malamar makaranta ko ta jinya ko mai shago a kasuwar IBB, to aiki biyu take yi, ɗaya na albashi ɗaya na gida. In kuwa ta gaza, sai a ɗauko 'yar aiki daga ƙauye, yarinyar da ya kamata a ce tana aji. Nauyin bai ɓace ba, an dai sauke shi a kan wadda ta fi kowa rauni.

Wani zai ce hidimar iyali ibada ce, ba a sa mata farashi. Gaskiya ne, kuma babu mai cewa mata ta miƙa wa miji takardar biya a ƙarshen wata. Akwai ƙauna da tausayi a raino waɗanda babu naira da za ta auna. Hanyoyin ƙiyasin ma suna da rauninsu, domin macen da ke tuƙa tuwo da goyo a baya tana sauraren haddar ɗanta aiki uku take yi a sa'a ɗaya. Amma amfanin lissafi daban ne. Da lissafi ake yin kasafin kuɗi. Abin da ba a auna ba, idan aka zo rabo, kyauta ake ɗaukarsa. Idan famfo ya ƙafe, mai hali ya sayi ruwa wurin mai garuwa, marar hali ya tura mata da yara rijiya, a takarda kuwa ba a yi asarar komai ba. Idan asibiti ba shi da isassun ma'aikata, 'yar uwar majinyaci ce ke kwana a tabarma, ta rufe sana'arta mako biyu, wannan ma ba a rubuta shi.

Inda aka auna, an ga sakamako. Binciken Taryn Dinkelman na 2011 a karkarar KwaZulu-Natal ta Afirka ta Kudu ya nuna cewa da wutar lantarki ta shiga, girki da itace ya ragu, matan da ke aikin samun kuɗi suka ƙaru sosai cikin shekara biyar. Mu ma mun ga irinsa da idonmu. Injin niƙa ya 'yanta sa'o'in mata fiye da jawabai masu yawa, iyayenmu da suka yi niƙa a dutse shaida ne. Masaniya Diane Elson ta taƙaita maganin a matakai uku: a yarda aiki ne, a rage wahalarsa, a raba shi tsakanin mata da maza da hukuma. A 2021 gwamnatin tarayya ta amince da hutun kwana 14 ga ma'aikaci namiji idan matarsa ta haihu. Kaɗan ne, amma alama ce.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Ba sai mun jira Hukumar Ƙididdiga ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ƙungiyoyin unguwa na iya zaɓen gidaje ashirin ko talatin, da yardar masu gida, mata masu ilimi su zauna da 'yan uwansu su rubuta yadda rana ɗaya ke tafiya daga asuba zuwa kwanciya: minti nawa a neman ruwa, nawa a girki, nawa a layin asibiti, wace yarinya ce ta makara makaranta kuma me ya makarar da ita. Takarda irin wannan, idan aka ajiye ta gaban kansila ko shugaban ƙaramar hukuma ko ɗan majalisa, ta fi koke na baki nauyi. Da ita za a nuna inda ya fi cancantar rijiyar burtsatse, da makarantar da ke buƙatar ajin ƙananan yara, wanda dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta riga ta tanada.

Mu maza kuma namu ya fi kusa. Ya tabbata a hadisin Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana taya iyalinsa hidima a gida. Kai yaro asibiti, cika randa kafin a fita, koya wa ɗa namiji wanke kwanonsa da kayansa kamar yadda ake koya wa 'yar uwarsa, duk ba su rage wa kowa girma. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kuma duk wanda ke da 'yar aiki a gidansa ya tambayi kansa shekarunta nawa, ina karatunta ya tsaya, kuma hannun wa kuɗinta ke shiga.

Masu tsofaffi a gida, ku tambaye su yadda ake daka da niƙa da ɗebo ruwa a Abuja ta da, da shekarar da injin niƙa ya fara shigowa unguwarku, ku rubuto mana a ƙasa. Wannan ɓangare na tarihin garin yana bakin iyayenmu mata, kuma kullum raguwa suke yi.

Allah ya saka wa iyayenmu mata da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya zaunar da Suleja da Najeriya lafiya. Amin.